Tsakar da Ba Ta Hawa Bango

Duk wanda ya kwana a Nima ko Sabon Zango a Accra ya san tsakar nan da ke maƙale a bango kusa da ƙwan lantarki tana dakon ƙwari. Masana suna kiran jinsinta Hemidactylus, kuma saboda ita muka saba gani, sai mu ɗauka cewa hawan bango shi ne abin da ya sa tsaka ta zama tsaka. To, 'yan uwanta na hamada sun rushe wannan zato.

Duk tsakokin duniya suna ƙarƙashin rukuni ɗaya mai suna Gekkota, wanda ya kasu dangi bakwai, ya kuma ƙunshi nau'o'i fiye da 1,500. Tsohon gida ne ƙwarai, domin an samu ƙafar wata tsaka a cikin daskararren ƙaron itace a ƙasar Myanmar, mai kimanin shekara miliyan 100, kuma tun a lokacin tana da faifan nan na ƙarƙashin yatsu mai ɗauke da ƙananan gasu da ido ba ya gani, waɗanda da su ake manne wa ko da gilashi. Sai dai binciken da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa wannan faifai ya bayyana ya kuma ɓace sau da dama a tarihinsu, kuma yawanci inda zuriya ta sauko ƙasa ne take rabuwa da shi, tunda yashi da ƙura toshe gasun suke yi.

A Sahara, tsakokin Stenodactylus yatsunsu sirara ne, wasu da geza a gefe don kada su nutse cikin rairayi. Ta hamadar Namib da ke gaɓar tekun kudu maso yammacin Afirka kuwa, wato Pachydactylus rangei, fata ce ta haɗe yatsunta kamar na agwagwa, da ita take tona ramin da za ta wuni a ciki har rana ta faɗi. Ruwan sha kuma daga hazon da ke tasowa daga teku take samunsa, idan ya sauka a jikinta sai ta lashe, har da wanda ya taru a kan idonta, domin ba ta da fatar ido da za ta ƙifta.

Akwai wani abu da ba a cika kulawa da shi ba, alhali a ganina ya fi ƙafafun muhimmanci, wato ƙwai. Dangin Gekkonidae, wanda tsakar gida da waɗannan na hamada suke ciki, ƙwansu yana da ɓawo mai tauri da ke riƙe danshi, don haka uwa za ta iya ajiye shi a tsagar dutse ko busasshen yashi ya ƙyanƙyashe lafiya. Mu kwatanta da tsaka mai kaurin wutsiya, Hemitheconyx caudicinctus, da ke zaune a dazukan arewacin Gana har zuwa Senegal da Kamaru. Ita 'yar dangin Eublepharidae ce, tana ƙifta ido, ba ta hawa bango, tana kuma tara kitse a wutsiya don tsallake rani. Amma ɓawon ƙwanta laushi gare shi, shi ya sa dole ta nemi ƙasa mai laima ta binne shi, ita kanta kuma ta wuni a rami ko ƙarƙashin dutse inda iskar hunturu ba ta kaiwa.