Kwazazzabon Samariya: gangarar farko ce ke kayar da mutane

[Hoton sama: fararen duwatsu, hazo na tashi]

Assalamu alaikum jama'a. Tun da wani gajeren bidiyo na kwazazzabon Samariya ya fara yawo, magana ɗaya mutane ke ta maimaitawa, wai "ai gangara ce tun daga sama har bakin teku, ko tsohuwa ta yi." Toh wannan maganar ce ta sa na zauna na haɗa wannan, don wallahi ita ce ke jefa mutane cikin wahala a wurin nan.

Wurin dai yana tsibirin Kirit ne a ƙasar Girka, ɓangaren kudu maso yamma, cikin tsaunukan da suke kira Fararen Duwatsu. Ni da abokina muka je lokacin hutu, muka kama bas ta sassafe daga garin Haniya tun gari bai gama wayewa ba, ta hau da mu tudun Omalos har ƙofar shiga da ake ce wa Ksiloskalo. Ka sayi tikiti, ka adana shi sosai, zan gaya muku dalili anjima. Daga nan zuwa teku kilomita 16 ne, kuma inda kake tsaye ya haura mita 1,200 sama da teku. Ku riƙe lambobin nan biyu.

[Kyamara ta leƙa ƙasa daga bakin ƙofa]

Ku kalli nan da kyau. Mutum in ya ji mita 1,200 cikin kilomita 16 sai ya ɗauka hanyar tana sauka ne a hankali a hankali daga farko har ƙarshe. Ba haka take ba sam. Kusan rabin tsayin nan kana sauke shi ne a kilomita huɗun farko, kafin ka isa ƙaramin cocin Agiyos Nikolawos, hanya ce mai lanƙwasa ta yi nan ta yi can a jikin dutse, matakala bayan matakala, da shingen katako a gefe, duwatsun kuma ƙafafun mutane sun goge su har sun yi santsi. Ga sanyin safiya, ga inuwar dogayen itatuwa, jikinka da ƙarfinsa, ba ka haki ko kaɗan, shi ya sa kowa ke sakin jiki yana zubawa da sauri. Kun ga waɗancan samarin da suka wuce mu kamar ana binsu? Ku tuna da rigunansu, za mu sake haɗuwa.

Abin da ke faruwa a jikinka shi ne, in kana hawa, huhu da zuciya ke shan aiki, su kuwa ba sa ɓoye gajiya, nan take za ka ji numfashi ya ƙare ka tsaya dole. In kana sauka kuwa tsokar gaban cinya ce ke aikin, kuma aikin nata na riƙewa ne, duk takun da ka yi ita ke tare nauyinka kar ka kife, tana miƙewa tana kuma ɗaurewa a lokaci guda, nauyin da ke sauka kan gwiwa ya ninka nauyin jikinka balle ga jaka a baya. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jos ya ga tirela da kaya tana saukowa Hawan Kibo ya san abin da nake nufi, injin ba ya kuka, birki ne ke cin wuta a ɓoye. Irin wannan aikin yana yi wa tsoka ƙananan tsage-tsage da ba ka jinsu a lokacin, sai can bayan awanni ka ji ƙafa ta fara rawa da kanta, ka taka dutse ta ƙi riƙe ka. Kuma a lokacin sauran tafiyar ta fi wadda ka yi yawa, babu mota, babu babur, babu hanyar da za ka ɓulle ta gefe.

Don haka a nan sama ake rage gudu, tun jiki bai nema ba. Taku gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe kar ka sandare ta, in matakalar ta yi zurfi ka juya ka sauka ta gefe. Sanda, don Allah ku riƙi sanda, ni a ganina ta fi kowane kaya da za ka ɗauko amfani a wurin nan, biyu ma sun fi ɗaya. Sannan igiyar takalmi, kafin ka fara sauka ka durƙusa ka ɗaure ta tamau ta wajen idon sawu, don in ƙafa tana zamewa gaba cikin takalmi yatsunka za su yi ta dukan bakinsa sau dubbai, nan ne farce ke yin baƙi daga baya ya fita. Ka yanke farce tun a masauki. Sabon takalmin da ba ka taɓa sawa ba ka bar shi a akwati, silifas kuwa kar ma a kawo maganarsa.

Sai maganar abokin tafiya, wadda ta fi damuna. Abokina ya fi ni tsawon ƙafa, in ya yi taku ɗaya sai na yi biyu, tun a bas muka yi yarjejeniya cewa mai tafiya a hankali shi ne a gaba. Da ya fara matsowa bayana sai in ce "mutumina, jirgin ruwan da zai kwashe mu a bakin teku ba zai tashi da safe ba," ya yi dariya ya ja baya. Mutane da yawa kunya ce ke illata su, mutum yana jin gwiwa na ciwo amma ba zai ce a tsaya ba don kar a ce ya gaza. Idan kai ne mai ƙarfin, kai ya kamata ka riƙa cewa a huta.

[Maɓuɓɓuga, ana cika gora]

Daga nan zan yi sauri, hotunan sun ishe ku. Ruwa akwai shi a hanya, maɓuɓɓugai masu sanyi, gora ɗaya ta isa kana cikawa, mu har alwala muka yi. Abinci ne babu mai sayarwa a ciki, ka taho da naka. Wannan kangon da kuke gani wajen tsakiyar hanya tsohon ƙauyen Samariya ne, mutanensa sun tashi bayan an mai da wurin gandun daji na ƙasa a 1962, yanzu ma'aikatan gandun ke amfani da wasu gidajen. Ga kuma awakin dajin Kirit da ake kira kiri-kiri, an ce suna gudun mutane, amma wannan dai ta zo ta tsaya tana kallon burodin abokina kamar da ita aka saya. Ba a ba su abinci, a kiyaye.

[Cikin rafi, bango na matsowa]

Yanzu an bar inuwa, an shiga cikin rafin kansa, dutse kan dutse, rana ta take. Ƙasa ta kwanta amma kowane taku sai ka zaɓi inda za ka sa ƙafa, kuma a nan ne cinyar da ka kashe da safe take karɓar bashinta. Ga samarinmu can zaune, ɗaya ya cire takalmi. Allah ya ba su sauƙi, na ji tausayinsu gaskiya. Ma'aikata suna da alfadarai don wanda ya ji rauni, amma ba abin hawan wanda ya gaji ba ne.

Nan kuma zan yi shiru kaɗan.

[Ƙofofi: sautin ruwa kawai]

Wannan shi ne wurin da ake kira Ƙofofi, faɗinsa bai wuce mita 4 ba, bangon kuma ya tashi wajen mita 300. Tsarki ya tabbata ga wanda ya tsaga dutsen nan. Ruwa ne ya sassaƙa shi, shi ya sa ake rufe kwazazzabon duk lokacin sanyi, lokacin da ruwa ke cika rafin, ana buɗewa daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, kuma ko a cikin lokacin in hadari ya haɗu rufewa ake yi saboda ambaliya da faɗowar duwatsu. In ka ga allon da ya ce kar a tsaya, kar ka tsaya ɗaukar hoto.

A ƙofar fita za su karɓi tikitin nan, da shi suke gane ko akwai wanda ya rage a ciki. Sai 'yar tafiya zuwa ƙauyen Agiya Rumeli a bakin Tekun Libiya. Babu titin mota da ya zo ƙauyen nan, jirgin ruwa ne da yamma zai kai ka Sfakiya ko Sugiya, can ka hau bas ta komawa Haniya, don haka kana isa ka fara sayen tikitin jirgi kafin ka nemi abinci ko ka tsoma ƙafa a ruwa. Yawancin mutane awa biyar zuwa bakwai suke yi, wanda ya fara da sassafe yana da isasshen lokaci ko da ya sauka a hankali. Wanda kuma gwiwarsa ke da matsala tun asali, ya zo ta jirgi ya taka daga ƙasa zuwa Ƙofofi ya dawo, zai ga wurin da ya fi kyau ba tare da matakalar ba.

Washegari da jibi kar ku shirya wata doguwar tafiya, ciwon cinyar sai ya kwana yake fitowa sosai. In akwai ɗaki a ƙasa a masaukinku, shi za ku nema tun ranar da kuka sauka.