Ƙarin Kuɗin Ruwa a Gombe: A Fara Kawo Ruwan Tukuna

Assalamu alaikum masu sauraro. Sharhinmu na yau kan kuɗin ruwa ne, batun da ya mamaye majalisun hira a cikin garin Gombe, daga Jekadafari zuwa Pantami, daga Bolari har Tumfure. Magidanta na kuka cewa kuɗin ruwa sai ƙaruwa yake yi, alhali kuɗin abinci da na mota da na makarantar yara sun riga sun sha musu kai.

Mu fara da yi wa hukumar ruwa adalci. Ruwan da ake sha a garin nan daga madatsar Dadin Kowa yake fitowa, a kan kogin Gongola cikin ƙaramar hukumar Yamaltu Deba, tafiyar kusan kilomita 40. Kuma ba gangarowa yake yi da kansa ba, hawa yake yi, manyan injuna ne ke turo shi. Injunan nan wuta suke ci, in babu wuta sai dizal. Tun da aka saki darajar naira a 2023, kuɗin sinadaran tace ruwa da kayan gyaran injuna ya yi tashin gwauron zabo. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit. A cikin wannan wata na Afrilu ne kuma ɓata-gari suka kayar da turakun layin wutar da ya taso daga Jos zuwa Gombe, jihohin arewa maso gabas suka yi makonni cikin duhu. Duk wanda ya ce a sayar da ruwa yau a farashin shekara goma da suka wuce, bai yi lissafi ba.

Amma jama'a, ku saurari kukan da kyau. Mafi yawan masu ƙorafi ba cewa suke ba za su biya ba. Tambayarsu ita ce, kuɗin me za mu biya? A unguwanni da dama famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba. Ranar da ya zo kuwa, sai tsakar dare, uwargida ta tashi da tocila tana jera bokitai, kafin ta cika randa ya ɗauke. Ƙarshen wata kuma takarda ta iso cif, kuɗin wata guda cur, domin yawancin gidaje ba su da mita, kuɗi ne da aka yanke ko an sha ko ba a sha ba. Mutumin da aka yi wa haka sau biyu yake biya: ya biya hukuma, ya kuma biya ɗan garuwa.

Nan ne fa maganar take, kuma nan ne ake yawan tsallakewa. Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a 2010 ta ayyana samun tsabtataccen ruwa a matsayin haƙƙin ɗan Adam, ta ce kowane mutum na buƙatar aƙalla lita 50 a rana domin sha da girki da wanka da wanki. Gida mai mutum 10, wanda a wurinmu ba wani babban gida ba ne, yana buƙatar lita 500, wato jarka 20 mai cin lita 25. A ce jarka naira 100 kacal ake sayarwa. Naira 2,000 ke nan a rana, naira 60,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 kuwa naira 70,000 ne. To me ya rage? Shi ya sa ba wanda ke sayen jarka 20. Sai a rage wanka, a tara wanki, a aika yara rijiyar da ba a san lafiyarta ba, damina na faɗuwa a fara jin labarin amai da gudawa.

Shi ma ɗan garuwa ba shi da laifi. Mai rijiyar burtsatse ya ƙara masa kuɗi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, shi kuma ya tura kura cikin rana ya hau tudu da ita. Kuma haƙa burtsatse a wasu sassan Gombe, musamman can saman gari, sai mai hali, saboda nisan ruwan a ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka talakan da bututu bai kai unguwarsa ba, shi ne ke sayen ruwa mafi tsada a garin nan, ya fi mai gidan sama da ke da famfo da tankin ajiya biya. Idan ƙarin kuɗi zai kai bututu sabbin unguwannin da suka tsiro a bayan gari, to wannan talakan ne zai fara murna da shi.

Sharaɗin ke nan. Kafin a nemi ƙari, hukuma ta fito ta faɗi lita nawa take turowa a rana, nawa ke isa gidaje, nawa ke malala a kan titi daga tsofaffin bututu da waɗanda zaizayar ƙasa ta karya. Ta faɗi ko ma'aikatun gwamnati da manyan gidaje suna biyan nasu kuɗin, domin babu adalci a yanke wa mai shayi ruwa a bar wanda ake jin nauyinsa. A sa mita, a fara da otal-otal da wuraren wankin mota da masu buga ruwan leda. Ko mitar ma a lura, don inda ruwa ke zuwa yana ɗaukewa, iskar cikin bututu kan juya ta, mutum ya biya kuɗin iska.

Mu ma jama'a da namu. Masu jona bututu ta ɓarauniyar hanya da masu sa injin zuƙo ruwa su hana maƙwabta samu, a cikinmu suke, kuma mai unguwa ya san su.

Gombe na cikin jihohi 7 da aka fara sanyawa cikin shirin ruwa da tsabtar muhalli na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2021 kan dala miliyan 700. Bashi ne, jama'a ne za su biya. Don haka Majalisar Dokokin Jiha ta kira zaman jin bahasi a bainar jama'a, ta gayyato hukumar ruwa da masu unguwanni da ƙungiyoyin mata da 'yan garuwa, a karanta sabon farashi tare da jadawalin ranakun da kowace unguwa za ta riƙa samun ruwa, a kuma rubuta cewa watan da ruwa bai zo ba, za a rage kuɗinsa.