Hasken da Ba Ya Shiga Inuwa

An rubuto daga faifan laccar da aka yi wa ma'aikatan asibiti a Gusau.

Assalamu alaikum. Malaman jinya, sannunku da aiki. Iyayenmu mata masu shara da goge-goge da kuka zauna can baya, don Allah ku matso gaba, maganar yau taku ce.

Na'urar nan da ake ta tambayata a kanta, doguwar fitila ce a kan tayoyi, mai kashe ƙwayoyin cuta a ɗakin majinyata. In an sallami majinyaci sai a tura ta ɗakin, kowa ya fita, a rufe ƙofa, ta yi aikinta ita kaɗai. Haskenta UV-C ake ce masa, wani irin haske ne da ido ba ya gani, yawanci mai nanomita 254 a ma'aunin tsawon zangon haske. Yakan ratsa ƙwayar cuta ya lalata mata ƙwayoyin gado, ta kasa hayayyafa. Tun 1877 masana kimiyya biyu, Downes da Blunt, suka gano a Ingila cewa hasken rana na hana ƙwayoyin cuta yaɗo. A 2017 kuma aka wallafa binciken asibitoci tara na Amurka: da aka ɗora hasken a kan gogewar da aka saba, kamuwa da ƙwayoyin da ba sa jin magani ta ragu.

Kun ji dai, ɗorawa aka yi, ba a ajiye tsumma ba. Hasken nan abin da ya gani kaɗai yake kashewa. Ƙarƙashin katifa, cikin durowa, bayan ƙarfen gado, duk inuwa ce. Ɗigon jinin da ya bushe a jikin sandar ƙarin ruwa, rumfa ce ya kafa wa ƙwayar cuta. In hannunki bai kankare shi ba, Inna, fitilar ta sha wuta a banza. Nisa ma haka: ka ninka tazara, ƙarfin hasken ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa ake jingine katifa, a buɗe durowoyi, a sauya wa na'urar wuri a sake kunnawa.

Mu nan muna da namu ƙarin. Ƙurar hunturu in ta kwanta a jikin fitilar, tana rage mata ƙarfi, sai an goge. In aka ɗauke wuta ana tsakar aiki, a faro daga farko.

Sai idonku, wanda ya fi damuna. Kun san yadda mai walda ke kwana hawaye na zuba kamar an watsa masa yashi? Haka hasken yake yi, har fata yana ƙonawa. Wasu na'urorin na mutuwa da kansu in sun ji motsi, amma kada ku dogara da wannan. A liƙa sanarwa a ƙofa, a kuma faɗa wa masu jinya da baki, don ba kowa ke karatu ba.