Sharhi: Alƙaluman da suka tona abin da ke kashe masu shan ƙwaya

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau ya leƙa Amurka, inda a shekarar 2022 kaɗai mutum kusan 108,000 suka rasa rayukansu sakamakon shan ƙwaya fiye da ƙima, kamar yadda hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, wato CDC, ta ƙididdige. A 2024 adadin ya sauko zuwa kimanin 80,000. Abin lura shi ne, hukumomin can sun san ko wace ƙwaya ce ke kisan, a wane gari, kuma a cikin wane hali.

Tushen wannan sani shi ne takardar shaidar mutuwa, wadda likita ke rubuta sunan sinadarin da gwaji ya gano a jinin mamaci. Da aka tattara takardun, sai ta bayyana cewa annobar ta sauya salo sau uku: ta faro da magungunan kashe raɗaɗi na asibiti a shekarun 1990, ta koma kan hodar heroin daga 2010, sannan daga 2013 fentanil, wani maganin kashe raɗaɗi wanda ƙarfinsa ya ninka na heroin kusan sau 50, ya mamaye kasuwa. Da gwamnati ta tsaya kan taƙaita rubuta magani kawai, da tana can tana gadin ƙofar da ɓarawo ya riga ya wuce.

Bayanan da suka fi amfani, a ganinmu, su ne na yadda mutuwar ta auku. Wani nazari da CDC ta yi kan mace-macen farkon 2019 ya nuna cewa kusan huɗu cikin goma sun faru ne alhali akwai wani a kusa. Ƙwayoyi irin su heroin da fentanil numfashi suke danne wa. Mutum zai kwanta yana minshari, leɓɓansa su sauya launi, na kusa da shi ya ɗauka barci ne ya yi nauyi. Akwai maganin da ake kira nalokson, wanda ake fesawa a hanci ya dawo da numfashi cikin 'yan mintoci, kuma tunda alƙaluma sun nuna cewa ɗan'uwa ko aboki ne ke fara isa wurin kafin motar asibiti, aka dage da raba shi ga iyalai, har a 2023 aka amince a sayar da shi ba tare da takardar likita ba.

A Najeriya, rahoton 2018 na binciken da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da su, daga ciki miliyan 4.6 masu shan irin su tiramol ne. Hukumar NDLEA kuwa ba ta gajiya da sanar da kilo nawa ta kama da mutum nawa ta damƙe. Sai dai yawan waɗanda ƙwaya ta yi ajalinsu ba ya cikin lissafin da ake karanto mana. Matashi zai rasu da daddare, a yi masa sutura da hantsi, a sanar cewa gajeruwar rashin lafiya ce, domin iyali na gudun abin kunya, kuma ba wanda zai ga laifinsu.

Don samun irin wannan lissafi, ba sai an taɓa gawa ba, ba kuma sai an ambaci sunan kowa ba. Ma'aikatun lafiya na jihohi za su iya umartar sashen gaggawa na kowane babban asibiti ya riƙa rubuta shekarun wanda aka kawo a sume, da unguwarsa, da abin da ya sha, a miƙa wa ma'aikatar duk mako, ita kuma ta duba unguwannin da ya kamata nalokson ya fara isa.