Borin Jini Bayan Cin Jatan Lande: Ƙwaya Ko Allura?

[Hoto: hannu cike da tabba masu tudu]

Ga su nan. Tabba masu tudu, ƙaiƙayi kamar a cire fata, sun fito minti 20 bayan cin jatan lande. Akwai shawarar da bidiyoyin da ke yawo kan bayar: a sha ƙwayar borin jini a je a kwanta. Wani lokaci hakan ya isa. Wani lokaci kuma nan ne ake yin asarar rai.

Bari mu yi sauri a kan dalili. Garkuwar jiki ce take ɗaukar wani furotin a matsayin abokin gaba, tropomayosin a jatan lande da ƙaguwa, farbalbumin a kifi, sai ta watso histamin, sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi da kumburi. Dafuwa ba ta lalata su, suya ma haka. Wasu kan ce sinadarin aidin da ke cikin abincin teku ne sanadi, amma ba ruwan aidin a wannan magana, don Allah a bar shi ya huta. Alamu kan fito daga 'yan mintuna zuwa awa 2, kuma borin jinin yana iya fara wa mutum da girmansa, ko da ya shekara yana ci lafiya.

[Hoto: zanen jiki, maƙogwaro da ƙirji suna haske]

To, a nan za mu daɗe. Da zarar tabban sun fito, ku ɗauke ido daga fatar. Ku sa mutumin ya yi magana. Muryarsa ta dushe? Yana tari, ko numfashinsa na fita da ƙara? Haɗiyar yawu na yi masa wuya? Harshe ya kumbura? Yana amai a kai a kai, ko jiri na ɗibarsa? In yaro ne, ya yi laushi ya daina wasa?

In fata ce kaɗai, ƙwayar borin jini ta setirizin miligiram 10 ga babba, tsumma mai sanyi a wurin, a zauna kusa da shi ana lura. Amma in ko ɗaya daga cikin waɗancan ya haɗu da ƙurajen, wannan anafilaksis ne, wato borin jini mai tsanani da ke iya kisa, kuma ƙwaya ba ta maganinsa. Tana ɗaukar rabin awa zuwa awa guda kafin ta fara aiki, aikin nata kuma ƙaiƙayi ne. Ba ta buɗe maƙogwaron da ke rufewa, ba ta ɗaga jinin da ke faɗuwa. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne tabban su lafa, kowa ya ce alhamdulillahi, alhali ƙirji na ci gaba da matsewa. Wasu masu anafilaksis kuwa ko ƙurji ɗaya ba sa yi.

[Hoto: alƙalamin allura a gefen cinya]

Maganin adirenalin ne. Alƙalamin allura, wato allura mai siffar biro da ke zuwa da maganin a ciki, miligiram 0.3 ga babba, 0.15 ga ƙaramin yaro, a gefen cinya ta waje, ko ta kan wando ne. A kira motar asibiti. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafu. In numfashi ya yi wuya ya zauna, amma kada a miƙar da shi tsaye, kada a ce ya taka zuwa mota, don jinin da ya rage ba zai kai zuciya ba. Minti 5 babu sauƙi, allura ta biyu. Babu alƙalamin a gida? Asibiti kai tsaye, ku faɗa musu abin da ya ci da lokacin da ya ci. Ko ya warware sai an duba shi, domin abin na iya dawowa bayan sa'o'i.

[Hoto: kifin tuna a waje, ba ƙanƙara]

Wani abu a gurguje. In mutum uku suka ci kifi ɗaya, duk fuska ta yi zafi, kai na sarawa, kifin kuma da ɗan yaji-yaji a baki, a zargi kifin. Kifin tuna ko sadin da ya daɗe ba sanyi yakan tara histamin da kansa, wuta kuma ba ta kashe shi. Gwajin fata ko na jini wajen likita ne zai raba wannan da borin jini na gaske. Kafin sakamako ya fito, a guji romon abin da ake zargi da man da aka soya shi a ciki, har tururin tukunyar.