Waya a aljihu, mushe a gaban tablo

(Lacca ce da aka yi wa malaman lakkwal da iyayen yara a Damagaram, an rubuto ta daga rikodin)

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye, ƴan uwa, sannunku da zuwa, na san ana zafi, ba zan ja ku da nisa ba.

Ku tuna 2020 da korona ta sa aka rufe makarantu. Wasu ƙasashe yara suka koma karatu ta intanet, mu nan kuwa ɗan Birni ko Zango da babansa ke da babbar waya ya ɗan samu darasi ta WhatsApp, ɗan ƙauyukan Mirriya ko Tanut kuwa sai gona da kiwo, shi ke nan. To yau abin ya sake, ChatGPT, na'urar nan ta intanet da ke amsa tambaya tana rubutu kamar mutum, ya fito tun ƙarshen 2022, Starlink ma, mai kawo intanet ta tauraron ɗan adam, ya shigo Nijar a 2025, ɗalibin Jami'ar André Salifou yana zaune a ɗakinsa zai buɗe littafin da a da sai ka je Yamai ka gan shi. Wannan alheri ne, ba na musu. Amma duk abin nan a kan kuran, wato wutar lantarki, yake tsaye, kun ga yadda muka sha duhu a 2023 da Najeriya ta yanke wuta, waya ba caji ai ta zama dutse.

Ni abin da ya fi damuna ba kuran ba ne ma. Yaro ya kawo maka dabuwar, wato aikin gida, faransanci tsaf ba kuskure ko ɗaya, har ka ji daɗi, sai ka miƙa masa alli ka ce zo tablo ka bayyana mana layi na biyu, sai ya tsaya yana murza allin yana kallon ƙasa har hannunsa ya yi fari. Na'ura ce ta rubuta, shi kwafa kawai ya yi. Kuma don Allah kar ku ce yaron banza ne, aji ya cika maƙil, ba wanda ya taɓa zama da shi minti biyar.

Ku duba makarantar allo da ke bayan gidanku. Almajiri ba ya wanke allo sai malam ya saurare shi da kunnensa, in ya ci gyara ya koma ya sake. Malamin nan ya san wanda bai karya ba da safe, ya san wanda uwarsa ke kwance. Wannan sauraren ne nake so mu dawo da shi lakkwal, ko yara biyar ne a rana, a bi su layi-layi.

Ƙwace waya kuma, wallahi wahalar banza ce, gobe wata zai kawo. Ku sa ya tambayi na'urar a gabanku, ku ce ta ba da tarihin Sarki Tanimun da Hausa, sannan ya je ya tambayi kakarsa, ya dawo aji a gwada a ga inda suka saɓa.

Na ga Hajiya can baya ta ɗaga hannu tun ɗazu, a miƙa mata makirfo.