Lacca: Yadda Littafi Ya Riƙe Yahudawa Bayan Rushewar Ɗakin Ibadarsu

Jama'a, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na ko? To, madalla.

A shekara ta 70 miladiyya ne Rumawa suka rushe babban ɗakin ibadar Yahudawa da ke Ƙudus, inda ake yanka hadaya, ake kuma kai ziyara sau uku a shekara. Da wurin ya tafi, sai malamansu suka taru a garin Yabne ƙarƙashin Yohanan ben Zakkai, karatu da addu'a suka maye gurbin hadaya. Wajen shekara ta 200 aka tattara hukunce-hukuncen da ake karɓa baki da baki a littafin Mishna. Malaman makarantun Sura da Pumbedita, a Iraƙin yau, suka yi ta tufka da warwara a kansa har aka sami Talmud.

To ku buɗe shafin Talmud ku gani. Matani na tsakiya. A gefe guda ga sharhin Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105, ɗaya gefen kuma ga na jikokinsa da almajiransu, sau da yawa ma suna ja da shi. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san matani da sharhi da hashiya, abin ba zai zame masa baƙo ba. Abin da ya fi burge ni shi ne, ra'ayin da aka kayar ba a goge shi. Hillel da Shammai manyan malamansu ne biyu na da, kowa da makarantarsa. An bi makarantar Hillel a mafi yawan mas'aloli, amma maganar makarantar Shammai tana nan a rubuce, yaro zai karanta ta, ya san hujjarta. Shi ya sa ɗaliban Talmud ke zama bibbiyu, murya sama, wannan ya kawo, wancan ya ture.

Masu adawa da Yahudawa ma sun gane inda ƙarfin yake. A 1242 an ƙona Talmud amalanke-amalanke a birnin Faris na Faransa, lokacin da kowane kwafi da hannu ake rubuta shi.

A 1923 wani malami a Folan, Meir Shapiro, ya kawo shawarar kowa ya riƙa karanta warƙa guda ta Talmud, gaba da baya, kullum. Warƙoƙin 2,711 ne, sauka na cin kusan shekara bakwai da rabi. Ɗan kasuwa ya tashi daga Landan ya sauka Ajantina, ya shiga majami'a da safe, zai tarar ana kan warƙar da shi ma yake kai. An yi sauka a Janairun 2020, ta gaba sai 2027.

A nan zan dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu a miƙa masa lasifika.